Motoci Masu Taya Direba Tuƙi da Na'urorin Kariya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga bakin direbobi da masu shirin sayen motar zamani. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma inda wata amsa ta dogara da wata, an nuna lambarta.

1. Me ake nufi idan aka ce mota tana tuƙa kanta rabi-rabi?

Ana nufin motar da za ta iya riƙe sitiyari, ta ƙara wuta, ta kuma taka birki da kanta na wani lokaci a kan wasu hanyoyi, alhali mutum yana zaune a kujerar direba yana lura da duk abin da take yi. Na'urori biyu ne ke haɗuwa su yi wannan aiki: ɗaya tana kiyaye tazara tsakanin motar da wadda ke gabanta, ɗayar kuma tana ajiye motar a tsakiyar layinta. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa nasa tsarin. Tesla ya fito da Autopilot a 2015, General Motors ya kawo Super Cruise a 2017, Ford yana da BlueCruise, Nissan yana da ProPilot, Volvo kuma Pilot Assist.

Duk da bambancin sunayen, hukuncinsu ɗaya ne: mutum shi ne direba, a doka da kuma a aikace. Matsayinsa ya yi kama da na malamin tuƙi da ke zaune kusa da ɗan koyo, wanda zai iya tafiyar awa guda ba tare da kuskure ba, sa'an nan ya yi kuskuren da ba a gyara shi sai cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu.

2. Ana yawan ambaton mataki na 2, na 3 da na 4. Daga ina wannan rabo ya fito?

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE International ce ta fitar da shi a 2014, kuma hukumomin ƙasashe da dama sun karɓe shi. Matakai shida ne, daga 0 zuwa 5. A mataki na 0 mota ba ta tuƙi, sai dai ta yi gargaɗi ko ta kawo ɗauki na ɗan lokaci, kamar birkin gaggawa, wato wanda mota ke takawa da kanta idan ta hango karo. A mataki na 1 tana ɗaukar aiki ɗaya, ko dai sitiyari ko gudu. A mataki na 2 tana ɗaukar su biyun tare, kuma a nan ne dukan tsare-tsaren da aka ambata a amsa ta 1 suke.

Babbar iyaka tana tsakanin mataki na 2 da na 3. Daga 0 zuwa 2, idon direba bai kamata ya bar hanya ba. A mataki na 3 motar ce ke lura da hanya a cikin wasu sharuɗɗa, amma dole direba ya kasance a shirye ya karɓa idan ta kira shi, kamar yadda aka bayyana a amsa ta 10. A mataki na 4 ba a buƙatar direba sam a cikin yankin da aka keɓe wa motar, irin tasi marasa direba na kamfanin Waymo da ke ɗaukar fasinja a biranen Phoenix da San Francisco na Amurka. Mataki na 5 shi ne motar da za ta je ko'ina a kowane yanayi, kuma har yanzu babu ita a kasuwa.

3. Shin na'urorin kariya da na'urorin taya tuƙi ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma wannan bambanci shi ne ya fi cancanta a riƙe a duk wannan shafi. Na'urorin kariya ba sa karɓar tuƙi daga hannun direba. Suna nan shiru, sai lokacin da ya yi kuskure ko abu ya fi ƙarfinsa su shigo. Daga cikinsu akwai birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa idan aka taka birki da ƙarfi, kuma Mercedes-Benz da Bosch suka fito da nasu a 1978. Akwai na'urar hana mota zamewa a kwana, wadda ta fara fitowa a 1995, tana taka wa kowace taya birki daban domin ta maido da motar kan hanyar da sitiyari ya nufa. Sai kuma na baya-bayan nan: birkin gaggawa, gargaɗin kauce wa layi, fitilar da ke kunnuwa a madubin gefe idan akwai mota a inda ido ba ya kaiwa, da kyamarar baya.

Amfanin waɗannan ya tabbata da alƙaluma. Cibiyar IIHS ta Amurka, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta gano cewa birkin gaggawa yana rage karon da mota ke yi wa ta gabanta da kusan rabi, gargaɗin madubin gefe yana rage haɗarin sauya layi da kashi 14 cikin 100, gargaɗin kauce wa layi kuma yana rage nasa irin haɗarin da kashi 11 cikin 100.

Na'urorin taya tuƙi kuwa suna karɓar aikin yau da kullum ne su bar wa direba sa ido. Suna rage gajiya a doguwar tafiya da cikin cunkoso, wannan gaskiya ne. Amma a 2024 ita wannan cibiyar ta bincika bayanan haɗari na motocin BMW da Nissan masu irin wannan tsari, ba ta kuma sami hujja mai ƙarfi cewa ya ƙara wata kariya a kan wadda birkin gaggawa da 'yan'uwansa suka riga suka bayar ba. Don haka ya fi dacewa a ɗauke su a matsayin kayan sauƙaƙa tafiya, kada a lissafa su cikin kayan ceton rai.

4. Da me mota take ganin hanya?

Da kyamara da na'urar rada a mafi yawan motoci. Kyamarar tana maƙale a saman gilashin gaba, bayan madubin ciki, kuma ita ce ke karanta layin titi da allunan hanya, ta kuma bambanta mutum da keke da mota. Rauninta irin na idon mutum ne: hasken rana da ke dukanta kai tsaye, duhu, hazo da datti. Na'urar rada tana ɓoye a bayan bamba ko tambarin kamfani, tana auna nisa da saurin abin da ke gaba daidai ƙwarai ko da dare ko cikin ruwa, sai dai ba ta iya tantance siffar abin sosai. Ƙananan ɗigo-ɗigon da ake gani a jikin bamba kuma suna aiki da sauti ne, kuma ba su wuce 'yan mitoci, shi ya sa amfaninsu yake wajen fakin.

Akwai kuma na'urar laida, mai harba hasken leza tana zana siffar abubuwa da nisansu. Ta fi tsada, kuma an fi samunta a motocin mataki na 3 da na 4. Kamfanoni sun saɓa a kan wannan: Tesla ya daina sa rada a wasu motocinsa tun 2021 ya dogara da kyamarori, yayin da Waymo da Mercedes-Benz suka haɗa ukun domin wata ta rufe raunin wata.

5. Birkin gaggawa zai tsayar da mota a kowane hali?

A'a. A gudun cikin gari yakan tsayar da mota cak kafin karo, amma a gudun babbar hanya abin da ya fi yi shi ne rage ƙarfin karon, wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙarfin karo yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Babban rauninsa yana wajen masu tafiya a ƙasa da dare. Binciken IIHS na 2022 ya nuna cewa ya rage kaɗe mutane da kashi 27 cikin 100 a jimlace, amma a hanyoyi masu duhu marasa fitilun titi bai nuna wani bambanci ba, alhali da dare ne aka fi kashe masu tafiya a ƙasa. Wannan giɓi ne sabuwar dokar Amurka da aka ambata a amsa ta 13 take ƙoƙarin cikewa.

6. Me ya sa ake jin labarin motar da ke tuƙa kanta ta afka wa motar da ke tsaye?

Wannan yana cikin raunin da ya fi ba mutane mamaki, domin ana ganin abin da ke tsaye ya fi sauƙin gani. Dalilin yana wajen rada. A babbar hanya tana karɓar amsa daga dubban abubuwa marasa motsi: alluna, gadoji, shingen gefen titi, motocin da aka ajiye a gefe. Da motar za ta taka birki saboda kowannensu, da ba ta tafi ba. Saboda haka aka tsara manhajar ta fi ba abubuwa masu motsi muhimmanci, ta kuma yi watsi da mafi yawan marasa motsi sai kyamara ta tabbatar da su.

Hali mafi haɗari shi ne idan motar da ake bi ta sauya layi kwatsam, sai ga wata a tsaye a gaba. Littattafan jagora na kamfanoni da yawa sun yi gargaɗi a kan wannan a fili. A watan Agustan 2021 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike a kan motocin Tesla da suka afka wa motocin kashe gobara da na 'yan sanda da ke tsaye a kan hanya, kuma binciken ya kai ga kamfanin ya yi wa motoci kimanin miliyan 2 gyaran manhaja a Disambar 2023 domin ƙarfafa sa ido a kan direba.

7. An yarda direba ya cire hannunsa daga sitiyari?

Ya danganta da tsarin da kuma dokar ƙasa. Mafi yawan tsare-tsare suna buƙatar hannu a kan sitiyari. Super Cruise da BlueCruise suna barin a cire hannu, amma a kan manyan hanyoyin da aka riga aka zana taswirarsu dalla-dalla kaɗai, kuma kyamara tana kallon idon direba. Birtaniya ta amince da BlueCruise a 2023 bisa wannan sharaɗi. Sakin sitiyari bai mayar da mota mataki na 3 ba, domin har yanzu ido yana kan hanya ne.

8. Idan motar tana tuƙi da kyau, mene ne laifin direba ya ɗan duba wayarsa?

Lissafi kaɗai ya isa amsa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka duba saƙo na daƙiƙa uku tafiyar fiye da mita 80 ce babu mai kallon hanya. Wanda hankalinsa ya tafi wani wuri kuma ba ya dawowa nan take, sai ya ɗago kai, ya fahimci abin da ke faruwa, sa'an nan ya yanke shawara.

Matsalar ta fi ƙarfin rashin tarbiyyar wasu direbobi, tana cikin halittar ɗan Adam. Masu nazarin aikin matuƙan jirgin sama da masu gadin injuna sun daɗe da sanin cewa mutum ba ya iya daɗewa yana sa ido sosai a kan abin da ba kasafai yake kuskure ba. Duk sa'ad da na'urar ta ƙara ƙwarewa, amincewar direba tana ƙaruwa, lurarsa kuma tana raguwa, har ta kai ga abin da Hausawa ke cewa sabo turken wawa. Wannan ne ya sa tsarin da ke aiki daidai kusan koyaushe yake iya zama tarko.

Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta sami wannan a manyan haɗurra uku. A Mayun 2016 a jihar Filorida, motar Tesla ta shige ƙarƙashin tirelar da ta gitta hanya, ba motar ba, ba direban ba, babu wanda ya taka birki. A Maris na 2018 a Kalifoniya wata ta bi layin da ya goge ta daki shingen raba hanya, bayanan wayar direban kuma suka nuna wasa yana buɗe a cikinta. A cikin watan dai, a birnin Tempe na Arizona, motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata da ke tsallaka titi da kekenta da dare. Na'urorin motar sun hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin karon amma suka kasa tantance ko mece ce, wadda aka sa ta lura da motar kuma tana kallon waya.

9. Yaya mota take sanin ko direba yana kallon hanya?

Hanya ta farko ita ce auna ɗan nauyin hannu a kan sitiyari. Rauninta a fili yake, domin hannu a kan sitiyari bai nuna inda ido yake ba, kuma wasu kan rataya wani abu mai nauyi domin su yaudari na'urar, wanda ganganci ne da ran kansu da na mutanen da ke hanya. Hanya ta biyu, wadda ta fi inganci, ita ce ƙaramar kyamara mai gani cikin duhu da ke bin juyawar kai da motsin ido. Idan ta ga direba ya kau da kai, sai gargaɗi ya biyo baya mataki-mataki: haske, ƙara, girgiza kujera ko sitiyari, a ƙarshe motar ta rage gudu ta kunna fitilun gaggawa ta tsaya.

Ingancin wannan sa ido ya bambanta ƙwarai tsakanin kamfanoni. A Maris na 2024 IIHS ta gwada tsare-tsare 14, ɗaya kacal, na Lexus, ya sami makin da za a iya karɓa, 11 kuma suka sami maki mafi ƙasa. A ganina wannan ne ya kamata mai saye ya fara tambaya a kai, kafin ya tambayi abin da motar ta iya yi da kanta.

10. Akwai motar mataki na 3 da aka sayar wa jama'a?

Akwai, amma kaɗan ne kuma da sharuɗɗa masu tsauri. Honda ya fara a Japan a Maris na 2021 da motar Legend, guda 100 kacal. A Disambar 2021 Jamus ta amince da Drive Pilot na Mercedes-Benz, da farko a gudun da bai wuce kilomita 60 a awa ba, wato cikin cunkoson babbar hanya, daga baya aka ɗaga zuwa 95. Tsarin yana buƙatar layi mai kyau da motar da za a bi a gaba da yanayi mai kyau. Yayin da yake aiki direba zai iya kallon allon motar, amma ba a yarda ya yi barci ba, domin idan motar ta kira shi daƙiƙa goma yake da su ya karɓi sitiyari. Wasu kamfanoni, irin su Waymo, sun ga wannan miƙa tuƙi daga na'ura zuwa mutum yana da haɗarin da ya sa suka tsallake matakin gaba ɗaya, saboda dalilan da ke cikin amsa ta 8.

11. Idan haɗari ya faru tsarin yana kunne, wa ke ɗaukar alhaki?

A mataki na 2, direba ne. An gurfanar da wani direban Tesla a Los Angeles bisa kisa ba da gangan ba bayan motarsa ta keta jar danja a 2019 ta kashe mutum biyu, ita ma mai lura da motar Uber da aka ambata a amsa ta 8 ta amsa laifi a kotu a 2023. Wannan bai wanke kamfani gaba ɗaya ba: a Agustan 2025 wata kotu a Miami ta ɗora wa Tesla kashi ɗaya cikin uku na alhakin wani haɗari da ya faru a 2019. A mataki na 3 da na 4 alhakin yana karkata zuwa ga kamfani muddin motar ce ke tuƙi, kuma dokar motoci masu tuƙa kansu da Birtaniya ta yi a 2024 ta ginu a kan wannan. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ya kamata mai mota ya karanta sharuɗɗan inshorarsa.

12. Me ke sa mota ta taka birki ba gaira ba dalili, ko tsarin ya kashe kansa?

Birkin banza yana faruwa ne idan na'ura ta ɗauki inuwar gada, allon talla ko motar da ke tahowa a ɗaya layin a matsayin cikas. Shi ne kishiyar matsalar da ke amsa ta 6, kuma injiniyoyi suna tsakanin biyun ne: idan suka ƙara wa motar tsoro sai ta yawaita birkin banza, idan suka rage sai ta rasa cikas na gaske. Ɗan taka totur yana soke birkin a mafi yawan motoci, shi ya sa ƙafa ba ta barin kusa da feda.

Kashe kai kuma yakan zo ne daga ruwan sama mai ƙarfi, hazo, ƙura, dusar ƙanƙara ko laka da ta rufe kyamara ko rada. Titin da layinsa ya goge, wurin da ake aikin hanya, kwana mai tsanani, shataletale da hanyar da babura da dabbobi da mutane ke cuɗanya duk sun fi ƙarfin yawancin tsare-tsaren mataki na 2, kuma a irin waɗannan wurare gara direba ya kashe shi da kansa.

13. Waɗanne na'urori doka ta wajabta?

Tarayyar Turai ta fi kowa nisa. Daga Yulin 2024 duk sabuwar motar da za a sayar a can sai da birkin gaggawa, na'urar maido da mota layi, gargaɗin wuce ƙa'idar gudu, gargaɗin gyangyaɗi, na'urar gano abu a baya da akwatin adana bayanan haɗari. A Amurka an wajabta na'urar hana zamewa daga motocin 2012, kyamarar baya daga Mayun 2018, kuma a Afrilun 2024 aka fitar da ƙa'idar da ke neman sababbin motoci su zo da birkin gaggawa mai iya kauce wa karo har gudun kilomita 100 a awa, mai kuma ganin mutum cikin duhu, zuwa 2029. Duk waɗannan na'urorin kariya ne, babu tsarin taya tuƙi a cikinsu.

14. Gargaɗin yana damuna. Laifi ne in kashe shi?

Kafin a kashe, a duba saitin motar, domin da yawa suna barin a sauya ƙara zuwa girgizar sitiyari ko a jinkirta lokacin gargaɗi. Tsarin taya tuƙi zaɓi ne, wanda bai so shi ba bai rasa wata kariya da aka tabbatar ba. Birkin gaggawa da na'urar hana zamewa kuwa a bar su a kunne, sai a halin da littafin motar ya ambata, kamar lokacin da ake jan ta ko ta kafe a yashi.

15. Me ya kamata a lura da shi wajen gyara ko sayen motar da aka yi amfani da ita?

Duk sa'ad da aka canza gilashin gaba, aka cire bamba, aka taɓa alayimen ko aka yi karo ko da ƙarami ne, kyamara da rada suna iya buƙatar a sake saita su da kwamfuta da allunan awo na musamman. Karkatar digiri ɗaya tak tana zama kusan mita 1.7 a nisan mita 100, wato kimanin rabin faɗin layi, kuma hakan ya isa ya sa mota ta ɗauki wadda ke layin gefe a matsayin ta gabanta, ko ta rasa wadda ke gabanta na gaske. Sau da yawa babu fitilar da za ta kunnu a dashbod ta nuna an sami wannan karkata.

Mai sayen tsohuwar mota ya tambayi tarihin karonta, ya nemi shaidar an sake saita na'urorin bayan gyara, ya kuma tabbatar ba a liƙa sitika ko an shafa fenti mai kauri a kan wurin rada ba. Ya kuma sa a duba lambar jikin motar domin sanin ainihin na'urorin da ke cikinta, saboda motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya bambanta, ɗaya tana da birkin gaggawa, ɗayar gargaɗi kawai take yi ba ta taka birki.